Ɗakin Ko-ta-kwana

Ƙarar ta zo ne wajen ƙarfe tara na dare, Mai Sito yana kishingiɗe yana murɗa rediyo. Ba irin ta fashewar taya ba ce, ba kuma ta ƙofar da iska ta buga ba. Wani ɗan "ɗum" ne gajere mai nauyi, kamar mutum ya sa kai cikin durom ya yi tari. Ya kashe rediyon, ya tashi zaune.

"Uwar yara, kin ji?"

"Na ji," in ji matarsa, tana ninke wanki a bakin gado.

"Me kika ji?"

"Na ji kana tambayata."

Ya ɗauki tocila ya zaga gidan, ya leƙa titi. Babu komai sai kyanwar maƙwabta a kan katanga, tana kallonsa kamar ta san wani abu. Ya dawo ya kwanta zuciyarsa na bugawa. Da za a tsare shi a ce ya faɗi gaskiya, da ya ce ba duka bugun ne na tsoro ba. Akwai ɗan daɗi a ciki.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana riƙe da siton wani kamfanin sabulu. Ranar da ya yi ritaya manaja ya faɗa a gaban kowa cewa ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Ya dawo gida da agogon bango, da kwat ɗinsa ta kaki, da damin takardun fitar da kaya guda shida da ya tsamo daga cikin abin da za a ƙona. Sito ya tsaya a kamfani, suna ya biyo shi gida.

Bayan shekara guda ya ji a rediyo an ce ruwa ya yanke wa wani gari hanya, mutane suka yi mako uku ba abin sawa a baki. Bai riƙe sunan garin ba, bai ma riƙe ƙasar ba, amma mako ukun ya zauna masa a kai. Kashegari ya fitar da keken ɗinkin matarsa daga ɗakin baya, ya ajiye a lungun baranda, ya rufa masa tsohon zanen gado. Ya kira mai walda na ƙarshen layi ya haɗa masa kantoci har rufi. Ya sa wa ɗakin suna ɗakin ko-ta-kwana.

Abin da ya shiga ɗakin nan yana da yawa. Jarkokin ruwa arba'in, an jera wasu kan wasu. Buhunan shinkafa da na wake. Gwangwanayen kifi, na tumatir, na madara. Kyandir katan uku, ashana, batura, igiya, gishiri buhu guda, da usur na kiran agaji. Akwai kuma abubuwan da shi kaɗai ya san dalilinsu: laima takwas, tabarau na masu ninkaya, da wani littafi mai hotuna kan yadda ake karɓar haihuwar saniya, alhali kaf layin babu mai ko akuya.

Doka ɗaya ce, ita ce ta kamfani. Ba abin da zai fita sai da takarda. A takardar akwai layin kaya, layin dalili, da wurin sa hannu biyu: na mai nema da na mai ba da izini. Sau ɗaya tak matarsa ta taɓa cikewa. Baƙi suna hanya, tukunya na kan wuta, gishiri ya ƙare, ta rubuta "gishiri, cokali biyu." Ya sa tabarau ya karanta a tsanake, ya ja layi, ya rubuta a sama: "Ba gaggawa ba ce." Ranar ta ce ba za ta ƙara sa hannu a takardarsa ba har ƙasa ta rufe idonta.

Da ɗakin ya cika har bakin ƙofa, shekara uku da suka wuce, ya liƙe taga da leda, ya toshe ƙasan ƙofa saboda ɓera, ya danna kwaɗo. Sito cikakke, a ganinsa, ba ya bukatar buɗewa. Kowace safiya yakan ja kwaɗon ya ji ƙarfinsa, ran Asabar ya ɗiga masa mai. Makullin yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi.

'Yan layi kuwa sun samu abin yi. Telan da ke jikin katangarsa ba ya ganinsa bai ce ba, "Malam, ya ake ciki? Bana ne za a tashi duniyar ko an ɗaga?" Shekara goma sha ɗaya yana haɗiye wannan. Shi ya sa ƙarar ta yi masa daɗi.

Gari ya waye famfo ya ƙafe. Aka murɗa, ya yi ɗan tari, ya yi shiru. Mai Sito ya tsaya a kansa yana gyaɗa kai. Jiya ƙara, yau ruwa. Abu ya fara.

Ruwa mafi kusa yana wata rijiyar burtsatse bayan makaranta, tafiyar minti ashirin, ga hawa a dawowa. 'Ya'yansu duk sun watse, sai autarsu da ke aure a can ƙetaren gari. Don haka matar ce ke ɗaukar bokiti biyu safe da yamma, ita da bayanta ya daɗe yana ƙorafi. Shi ma ya je sau ɗaya, ya dawo da rabin bokiti da jiƙaƙƙen wando, ya bayyana cewa a irin wannan lokaci mai sito ba ya barin bakin aikinsa.

A rana ta huɗu ta dire bokitan a gabansa, ta dafa ƙugu.

"Malam, kawo makullin."

"Na me?"

"Na ɗakin da ke da jarka arba'in na ruwa a gidan da ba ruwa."

"Haba, uwar yara. Wannan ai ɗaukewar ruwa ce. Kullum ana yi. Wahala ce, ban ce ba wahala ba ce. Amma wahala daban, gaggawa daban. In muka shanye yanzu, ranar da abin ya zo fa?"

"Wane abin?"

"Abin."

"Yana da suna?"

"In ya zo za ki gane shi."

"To in ya zo ka ce ya biya ta rijiya ya taho min da bokiti ɗaya."

Daren nan ƙarar ta zo sau biyu. Ya fara tunanin ko tashar lantarki ce ke fashewa kaɗan-kaɗan, ko ƙasa ce ke gyara kwanciya. Ya taɓa jin an ce kafin babbar girgiza kifaye kan bar bakin teku, karnuka su ƙi cin abinci. Ya lura da karen mai walda kwana biyu. Karen yana ci kamar ba gobe, wannan ma ya ɗauke shi alama.

A rana ta shida Tela ya yi sallama, tef ɗin awo a wuya, ba dariya a fuskarsa.

"Malam, ɗakin nan naka yana magana da dare."

"Wane ɗaki?"

"Na tashin duniya. Bango ɗaya ne tsakaninsa da inda nake kwana. Jiya har matata ta ce in tashi an buga ƙofa. Ga bangon ya jiƙe daga ƙasa, ga tururuwa sun yi layi kamar ana rabon wani abu. Kuma akwai wani ɗan wari, ban dai so in faɗa ba."

Mai Sito ya miƙe tsaye, duk da cewa ko ya miƙe bai kai kafaɗar Tela ba.

"Shekara talatin da ɗaya ina riƙe sito. Sitona ba ya ƙara, ba ya wari. Ka duba magudanar gidanka."

"Magudanar da ta kwana shida ba ta ga ruwa ba?"

"Ka duba dai."

A rana ta takwas bayan matar ya riƙe a tsakiyar hawa. Wata nas da ke zaune a layin, tana dawowa daga aiki, ita ta tarar da ita durƙushe a gefen hanya, bokiti ɗaya ya kife. Ta rungumo ta har gida, ta kwantar da ita.

"Baba, a ɗora ruwan zafi, a samu tawul, zan gasa mata."

Hannunsa ya tafi wuyansa. Ya kama makullin ta cikin riga. Ya tsaya a haka na ɗan lokaci, kamar mai sauraren wani daga nesa. Sai hannun ya sauko, shi kuma ya tafi kicin ya tattaro ɗan abin da ya rage a buta.

Matar tana kwance a gefe guda, amma idonta biyu. Ta ga hannun ya hau, ta ga ya sauko. Da yamma ya ji ta tana waya ƙasa-ƙasa.

"Gobe ƙarfe goma Auta za ta zo da tasi," ta ce masa. "Can famfonsu yana kawo ruwa."

"To, madalla, ki huta. Kwana nawa za ki yi?"

"Zan tafi da kekena."

Ya juya ya kalli lungun baranda. An yaye zanen gadon, an goge keken, an ɗaure kansa da igiya. Mace ba ta ɗaukar keken ɗinki don kwana biyu. Wannan ko shi ya sani.

Da safe bai ja kwaɗo ba. Ya buɗe durowa ya zaro takardar fitar da kaya, ta biyu ke nan a shekara goma sha ɗaya. Ya cike layin kaya. A layin dalili ya daɗe, yana tauna bayan biro. Ambaliya ya shirya wa, da girgizar ƙasa, da yaƙi, da wata cuta da za ta hana fita. Ba ɗaya daga cikinsu da ya iso. A ƙarshe ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Tafiyar uwar yara." Ya sa hannu a wurin mai ba da izini.

Saura wurin mai nema. Ya ɗora biro a kai, ya ɗaga. Mutum ɗaya ba ya sa hannu sau biyu a takarda ɗaya. Ta nan ɓarayin sito suke farawa, ya ga an kori mutum uku a kan haka. Ya saka kwat ɗinsa ta kaki, wadda yanzu maɓallin tsakiya kawai ke shiga, ya fita da takardar.

Tasi na ƙofar gida, keken yana cikin but ɗin motar, murfin ya ƙi rufuwa direba ya ɗaure da igiya. Auta tana taimaka wa uwarta shiga baya.

"Uwar yara, ga wannan. A sa hannu."

Auta ta leƙa takardar, ta dafa kai. "Baba, don Allah! Makullin nan a wuyanka yake. Ka buɗe kawai mana!"

"Ba a yin haka."

"Wa zai kama ka?"

"Ke, yi shiru," in ji uwar. Ta karɓi takardar, ta miƙar da hannu nesa don ba ta sa tabarau ba. Ta karanta layin dalili sau biyu. Sannan ta hau sama. "Jarka ɗaya?"

"Da farko dai."

Ta miƙa masa abinsa, ta ce wa direba, "Mu je."

Ya dafa takardar a kan bonet, ya soke "ɗaya." Ya rubuta "biyar," ya kalle ta, ya soke. Sai ya rubuta "duka," ya sa ɗan hannu a gefen gyaran kamar yadda ƙa'ida ta ce.

"Na ce ba zan ƙara sa hannu a takardarka ba," in ji ta.

"Na sani."

"Kawo biron."

Kafin su koma cikin gida labari ya zaga layi: za a buɗe. Mutane suka fito da bokitai, da robobi, da tukwane. Tela ya zo da buta biyu, nas ta zo, mai walda ya zo da karensa. Mai Sito ya sa suka yi layi, ya gyara kwat, ya zura makulli. Kwaɗon ya buɗe sumul ba ko ƙara, shekara uku yana shan mai. Ya waiwaya ya kalli Tela don ya shaida.

Ƙofar ce ta ƙi. Mai walda ya sa kafaɗa, sau ɗaya, sau biyu, ta bankaɗe.

Warin ne ya fara fitowa, ya bi layin daga gaba zuwa baya, kowa yana ja da baya bi da bi kamar ana gaishe shi. Karen ya juya ya tafi gida.

Ɗaki ne mai rufin kwano, a liƙe, shekara uku ba iska. Jarkokin ƙasa sun tsage saboda nauyin na sama, ruwan ya bi ƙarƙashin buhuna. Shinkafar ta zama baƙar laka tana motsi da ƙwari. Baturan sun yi farin gemu. Kyandiran sun narke sun rungumi juna, katan uku sun zama dunƙule ɗaya mai lagwani ɗari-ɗari. Gwangwanayen kuwa sun kumbura sun yi ciki, wasu sun riga sun fashe, tumatir ya fantsama har rufi ya bushe. Jarkokin da suka tsira, nas ta buɗe ɗaya ta leƙa. Ruwan kore ne, yana da gashi.

"Baba, wannan ko shukar fulawa aka ba sai ta kai ƙara."

Suna tsaye a haka, wani gwangwanin kifi a kanta ta uku, wanda iskar waje ta taɓa, ya ga lokacinsa ya yi. Ɗum.

Mai Sito bai ko firgita ba. Ya san muryar. Kwana tara yana nemanta a tashar lantarki da ƙarƙashin ƙasa.

"Ashe kai ne," ya ce a hankali.

Sai idonsa ya kai kan wani abu. Daga buhun waken da ya jiƙe, wani tsiro ya fito, fari fat kamar zaren ɗinki, ya nannaɗe ƙarfen kanta ya hau, hawa huɗu, har ya kai wata 'yar huda a ledar taga wadda ba ta fi kan allura ba. A nan ya buɗe ganye biyu ƙanana. Mai Sito ya manta da mutanen da ke bayansa. Yaya aka yi abu marar ido ya san inda haske yake? Wa ya gaya masa? Yana cikin wannan tunani direba ya danna hon a waje, sai ya tuna abin da ake ciki.

Matarsa tana bakin ƙofa, ta jingina da Auta, gefen mayafi a hanci. Ya jira ta juya. Takarda ta cika, an sa hannu biyu, kayan ne babu.

Ta daɗe tana kallon ɗakin, ba kantocin ba: tagar, da kusurwar da keken yake zama da can, inda hasken safe ke sauka.

"Auta, je ki ce ya sauke keken."

"Mama, bayanki fa?"

"Bayana ya ji. Ba don shi ba ne, ɗakina nake so." Ta miƙa tafin hannu ba tare da ta kalle shi ba. "Makulli."

Ya cire igiyar takalmin daga wuyansa. Wurin ya yi masa sanyi.

Mutanen da suka zo ɗiban ruwa suka tsaya da bokitansu fanko. Tela ne ya ce shi dai ba zai kwana jikin wannan bango a haka ba, nas ta ce in ba a wanke yau ba gobe layin nan kaf yana asibiti. Sai ga su sun juya sun nufi rijiyar bayan makaranta. Gidan da aka shekara goma sha ɗaya ana shiryawa don kada ya nemi komai wurin kowa, ran nan bokiti talatin da wani abu suka shige shi daga hannun maƙwabta. Mai Sito ya yi sawu huɗu da kansa, a cikin kwat, bai zubar da ko rabi ba. Matar tana zaune a kujera da matashi a baya tana ba da umarni, ba takarda.

Ba komai ne ya lalace ba. Mai walda ya sa tabarau na ninkaya ya shiga kwaso gwangwanaye saboda yajin da ke shiga ido, ya ce bai taɓa ganin abu mai amfani irinsa ba. Laima takwas suna nan lafiya. Usur yana busuwa. Littafin saniya ya ɗan jiƙe a gefe amma hotunan suna fita. Gishirin ya sha danshi ya dunƙule ya zama dutse guda, sai da mutum biyu suka ɗauko shi suka dire a gaban matar. Ta kalli dutsen, ta kalli mijinta.

"Cokali biyu na nema," ta ce.

Kafin faɗuwar rana ɗakin ya zama fanko, taga a buɗe, an shigar da keken kusurwarsa. Famfo dai bai dawo ba. Mai Sito ya zauna a dakalin ƙofar gida da wani gwangwani da ya wanke ya cika da ƙasa, ya dasa farin waken a ciki, yana ɗiga masa ruwa da murfin jarka. A aljihun kwat ɗinsa akwai takardar da aka sa wa hannu biyu, ya ninke ta huɗu. Ta taga yana hango kanta ɗaya da mai walda ya bari a jikin bango, kanta mai kyau, za ta ɗauki jarka shida a ƙalla. Matarsa ma daga ciki ita take kallo, tana auna ta da ido da tunanin yadudduka.

Tela ya zo ya zauna kusa da shi yana matse ƙafar wando. Nas da mai walda suna tsaye suna shan iska. Tela ya kalli waken, ya kalli tagar, ya sosa kai.

"Malam, ba tsokana nake ba wallahi, so nake in sani. Shi abin da kake jira ɗin nan, ya zo ya wuce ke nan, ko yana hanya?"

Daga cikin ɗakin aka ji keken ya fara juyawa.